Yadda Za Ka San Inda 'Yarka Take Ba Tare da Ka Tambaye Ta Ba

Idan kai uba ne, kuma 'yarka ta fara fita aiki, ba sai ka gaya mini halin da kake ciki ba. Tana jan ƙofa da safe za ka fara duban agogo. Duk motar da ta taka burki a titi, kai ne mai zabura. To, share zufarka. Wannan wayar ta aljihunka, wadda ba ka san ta da komai ba sai amsa gaisuwa da haska ƙarƙashin gado, tana iya nuna maka inda mutum yake tsaye a doron ƙasa. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari, kafin mako ya zagayo babu wani sirrin shiga da fita da zai rage a gidanka. Ko guda.

Hanyar ba shaci-faɗi ba ce, an gwada ta. Wanda ya gwada wani aminina ne mai shagon fenti a kasuwa, mutum mai kamala, mai furfura kaɗan da hawan jini da yawa. Mai Fenti kowa yake ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Ka tanadi damuwa mai inganci

Ba a shiga wannan aiki da ƙaramar damuwa. Idan taka ba ta kai ta sa ka miƙa wa mai saye shuɗin fenti alhali fari ya nema ba, dakata tukuna ta nuna.

Ta Mai Fenti ta daɗe da nuna. Yana da 'ya, autarsa, shekararta ashirin da biyu. Ta gama karatun kwamfuta, ta samu aiki a wani kamfanin kai saƙo can tsallaken gada, bas biyu take shiga kafin ta isa. Abin da take yi a wurin bai taɓa fahimta ba. Ya dai san akwai kujera, akwai fanka, akwai kwamfuta. Abin da ya sani sarai shi ne ranar da tana 'yar shekara shida ta zame hannunta daga nasa a tsakiyar kasuwa. Awa biyu ya yi yana zagaye yana kiranta har murya ta dishe, kafin a same ta a rumfar mai bokitai, zaune a kan wani da aka kife, tana taya shi kiran masu saye. Ita ta manta tuni. Shi kuwa har yau in ya wuce rumfar bokitai sai ya kau da kai ya ƙara sauri.

Saboda haka ranar da takardar aiki ta zo, sai ya kafa sharaɗi.

"Wata ɗaya na ba ki na gwaji. Gida, ofis, ofis, gida. In aka gan ki a wani wuri daban, aiki ya ƙare, ki dawo ki riƙe mini shago."

"To, Baba," in ji Auta.

Mamanta tana ninke wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa zai gan ta ya zo ya gaya maka? Ko ɗan sanda za ka ɗauka mata?"

"Akwai hanya," ya ce.

Babu wata hanya a lokacin. Amma uba ba ya cewa babu hanya a gaban iyalinsa. Yana faɗa ne tukuna, daga baya ya nemo.

Mataki na biyu: Kada ka kuskura ka tambaye ta

Wasu za su ce maka ai abin mai sauƙi ne, ka kira ta ka ce, "Kina ina?" Rabu da su. Ko dai ba su da 'ya'ya, ko kuwa nasu ba su fara tafiya ba. Idan ka tambaya za ta ba ka amsa. Idan ta ba ka amsa dole ka yarda. Idan ka yarda, me kuma za ka yi da sauran yinin?

Mai Fenti ya gwada kiran a makon farko. Sau tara ya kira ta rana ɗaya. A na goma ta ɗauka cikin raɗa ta ce, "Baba, don Allah, manaja yana kallona." Ya kashe waya ya zauna a kan gwangwanin fenti yana tambayar kansa wane ne wannan manajan, kuma a kan me yake kallonta. Ka gani ke nan. Tambaya ba ta rage damuwa, haihuwa take sa ta yi.

Mataki na uku: Ka nemi masani, amma kada ka saurare shi har ƙarshe

Kowace kasuwa tana da mai gyaran waya da ake kira Injiniya. Na kasuwar su Mai Fenti wani mai sanƙo ne, sa'ansa, yana zama a cikin ɗan akwatin katako da gilashi, tabarau biyu a fuska, ɗaya a kan ɗaya, gabansa tulin matattun wayoyi.

"Injiniya, so nake ka haɗa mini irin abin nan da ke nuna inda mutum yake."

"Wane mutum?"

"Mutum dai."

"Auta ce ko?"

"Na ce maka mutum."

Injiniya ya ajiye ɗan sukundirebansa. "Ba sai ka nemo wata manhaja ba. Burauzan da kake buɗe shafukan intanet da shi ya isa. Zan rubuta ɗan shafi, bai fi layi talatin ba. Shafin zai tambayi burauza, wayar nan tana ina? Burauza ya tambayi waya. Waya ta tambayi tauraron ɗan'adam da turakun sabis da ke kusa, su ba ta dogayen lambobi biyu. Shafin ya karɓi lambobin ya ɗiga shuɗin ɗigo a kan taswira. Kuma duk lokacin da aka buɗe shi, yana rubuta wuri da lokaci ya ajiye a jere."

Mai Fenti yana ta gyaɗa kai. Kalma biyu ce ta shiga kunnensa: tauraro da ɗigo.

Kafin la'asar Injiniya ya gama. Ya ɗora shafin a adireshi mai ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefe, ya ce in babu kwaɗon nan burauza ko kula ka ba ya yi. Ya kafa koren tsinke a kan gidan Mai Fenti, jan tsinke a kan ofishin da ke tsallaken gada. Ya bar gurbin rubuta suna a sama. Ya fito da ɗan hoton shafin a fuskar waya, ka rantse manhaja ce ta gaske.

"Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba," in ji Injiniya. "Shafin nan wayar da ta buɗe shi kaɗai yake gani. Sai ka tura wa mutumin naka, ya buɗe a tasa wayar. Tambaya za ta fito, wannan gefen yarda ne, wancan ƙi. Ya danna yarda da yatsansa, sannan ka dawo in haɗa wayoyin biyu. In bai yarda ba…"

To daidai nan za ka miƙe ka yi godiya. Masana suna da wata ɗabi'a: sai sun gama maka aiki mai kyau, sannan su ɓata shi da bayani.

Mataki na huɗu: Ka ba da izini a madadinta

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, saboda haka ka natsu.

Mai Fenti ya koma shago ya zauna ya yi tunani irin na manya. Ranar da aka sa Auta makaranta, wa ya sa hannu? Shi. Ranar da aka cire mata haƙori, wa likita ya miƙa wa takarda? Shi. Ranar da 'yan ajinsu za su je ganin namun daji, wa aka aiko wa wasiƙar neman izini? Shi, kuma ya ƙi. To yaushe aka fara neman yardar yarinya ubanta yana raye, yana numfashi, ga waya a hannunsa?

Ya buɗe shafin. Da yatsa ɗaya, harshe a waje, ya rubuta AUTA a gurbin suna. Tambayar ta fito da Turanci, amma ya riga ya san gefen yarda.

"Na yarda mana," ya ce wa wayar. "Ni na haife ta."

Ya danna. Wayar ta ɗan yi tunani, sai ga shuɗin ɗigo ya bayyana, da AUTA rubuce a samansa.

Washegari Injiniya ya leƙo daga akwatinsa ya ɗaga murya. "Mai Fenti, mutumin naka ya yarda?"

"An gama wannan."

"To kawo in haɗa."

"Ya haɗu da kansa."

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau na farko, ya sake dubansa ta saman na biyu, ya buɗe baki, ya rufe, ya koma kan aikinsa. Idan masani ya yi shiru haka, ka sani ka burge shi ne.

Mataki na biyar: Ka yi gwaji, sau ɗaya tak

Da yamma Mai Fenti ya zauna a falo ya buɗe shafin. Shuɗin ɗigo yana zaune daram a kan koren tsinke.

"Auta!"

"Na'am, Baba!" ta amsa daga ɗaki.

"Me kike yi?"

"Guga."

Ya dubi ɗigon. Wallahi yana ɗan rawa, hagu, dama, hagu, dama. Har gugar yake nunawa! Mai Fenti ya ji ƙwalla ta taru masa a ido saboda ci-gaban zamani.

Kada ka ƙara wani gwajin. Kada ka aike ta kanti ka ga ko ɗigon zai bi ta. Gwaji ɗaya bincike ne, gwaji biyu raina ilimi ne.

Mataki na shida: Ka sa ido, amma kada ka ɓata lokaci wajen koyon taswira

Litinin da safe, kamar kullum, Mai Fenti ya raka Auta bakin titi, ya ga ta shiga bas, ya haddace fuskar direba, ya wuce kasuwa. Ƙarfe tara ya buɗe waya.

Ɗigon ba ya kan jan tsinke. Ko kusa. Ko gadar ma bai tsallaka ba. Yana wani wuri mai cunkoson layuka kamar saƙar gizo, da wani faffaɗan da'ira mai haske a kewayensa, irin wanda ke fitowa idan rufin kwano ya tare waya daga sama.

Shi Mai Fenti ya san gari kamar tafin hannunsa, amma da ƙafa ya san shi. Ya san kwanar da matacciyar tirela take, ya san bishiyar da mai aski yake zama, ya san kwatar da ba ta da murfi. Taswira kuwa ba ta san ko ɗaya a cikinsu ba. Shekara ashirin yana wannan shago, bai taɓa ganinsa daga sama ba.

"Inna lillahi," ya ce. "Ina ne nan kuma?"

Har rana ta take ɗigon yana wurin nan bai motsa ba. Shi ma yana kansa bai motsa ba.

Yanzu ga wani abu da littattafan kimiyya ba sa faɗa: sa ido yana kawo yunwa. Likita ya hana Mai Fenti gishiri da kitse, matarsa kuwa kullum tana zuba masa abinci a kula, lami, mai ɗanɗanon nasiha. Mutumin da 'yarsa ta ɓace a cikin taswira ba zai iya da wannan ba. Ƙarfe ɗaya da kwata ya zagaya bayan tasha wurin mai gasa nama, ya ce a yanka masa ta wajen kitsen, a barbaɗa da kyau. Yana tauna ya buɗe waya. Ɗigon ya tashi! Ya koma wani lungu daban.

Talata ma haka, ɗaya da kwata daidai, lungun nan dai. "Har lokaci gare ta," in ji shi, yana lasar yatsa.

Laraba abin ya ishe shi, ya kira matarsa ya ce zai je sito ɗauko kaya, ya shige gidan kallon ƙwallo don ya huce. Ana hutun rabin lokaci ya duba. Sabon wuri kuma! Yarinyar nan ba ta gajiya?

Kullum da yamma in ya kamo hanyar gida sai ya ga ɗigon shi ma ya nufi koren tsinke. Amma yana shiga sai ya tarar da ita har ta sauya kaya tana yanka albasa.

"Yaya aiki?"

"Lafiya lau, Baba. Yau ko tashi ban yi daga kujera ba."

Ya ƙura mata ido. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya ce a ransa, wannan ba daga danginmu ta ɗauko ba.

Mataki na bakwai: Ka kai samame

Alhamis ƙarfe goma Mai Fenti yana da ganin likita, awon jini. Matarsa da hannunta ta sa masa katin asibiti a aljihun gaba, ta daddanna aljihun sau biyu.

A tasha, yana jiran motar asibiti, ya buɗe waya. Ɗigon yana wani sabon wurin. Nan take dabara ta faɗo masa: jini ba gudu zai yi ba, yana nan a jikinsa har mako mai zuwa. Amma kujerar ofis da babu kowa a kanta, yau ce kawai za a kama ta. Ya haye bas mai zuwa tsallaken gada.

Bas na tashi, ɗigon ya tashi. Ya nufi jan tsinke.

"Direba, taka! Don girman Allah taka!"

"Baba, jirgi ka ga na ja?" in ji direba.

Suka shiga cunkoso, bas ya tsaya cak. Ɗigon ma ya tsaya cak. Madalla, ita ma ya riƙe ta. Mai Fenti ya dire, ya tare mai babur, ya ce a bi ta gefe. Babur ya ƙara wuta, ɗigon ya ƙara wuta. Suka hau gada, ɗigon ya hau gada. Ya riƙa waige-waige yana leƙa tagar kowace mota, hannu ɗaya a kan hula, hannu ɗaya a kan waya, har mai babur ya ce, "Yallaɓai, in ba ka zauna daidai ba mu biyu za mu sha ruwan nan."

Yana sa ƙafa a ƙofar kamfanin, ɗigon ya faɗa kan jan tsinke. Tare suka iso, ba wanda ya riga wani.

Ya hau bene yana haki. Ga Auta a kujerarta, abin sauraro a kunne, takalma a cire ƙarƙashin tebur, kofin shayi rabi har ya yi sanyi. Babu zufa, babu haki. A allon da ke gabanta wasu ɗige-ɗige suna ta yawo, amma ba wannan ya kawo shi ba.

"Baba! Lafiya?"

"Wucewa nake."

"Ta nan? Ba yau ne asibiti ba?"

"An ɗaga."

Ya sauko yana jinjina kai. Har shayin ta tanada mai sanyi! Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai tsegunta mata, kuma mutum ɗaya ne ya san ya bar shago yau, wadda ta daddanna masa aljihu. Baƙin cikin wannan ganowa ya sa a hanyar dawowa sai da ya biya bayan tasha.

Mataki na takwas: Ka tara shaidu, ka karanta hujja a bainar jama'a

Kada ka yi wannan a ɓoye. Gaskiya tana son 'yan kallo.

Asabar bayan azahar Mai Fenti ya gayyato yayarsa, gwaggon Auta, mace mai jiki da murya, wadda tun yana rarrafe take yanke masa hukunci. Ta zauna a babbar kujera. Maman Auta tana gefe tana ɗinke maɓallin rigarsa. Auta tana ƙasa a kan tabarma.

"Yaya, na kira ki ne ki zama shaida," ya ce. "Na sa wa yarinyar nan sharaɗi, ta karya. Mako guda cur ina bibiyarta ta tauraron ɗan'adam. Sau ɗaya tak ta taka ofis, shi ma don an tsegunta mata ina tafe." Ya ɗan saci kallon matarsa. "Daga Litinin aiki ya ƙare."

Auta ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Baba, wallahi ban taɓa…"

"Ungo. Karanta da bakinki."

Ta karɓi wayar. Ta dubi ɗigon, ta dubi sunanta a samansa. Ta sa yatsa biyu ta buɗa taswirar, sai ga sunayen layuka da shaguna suna fitowa, abin da Mai Fenti bai taɓa sanin ana yi ba. Ta gangara jerin wurare da lokuta. Ƙwallar ta koma inda ta fito. Ta cije leɓe tana danne dariya.

"Baba," ta ce a hankali, "da mun yi maganar nan mu biyu."

"A'a! A gaban kowa."

"Baba, don Allah."

"Karanta, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Ni ban biyo rana don in ji raɗa ba."

Auta ta gyara murya. "Litinin, ƙarfe tara zuwa ɗaya. Kasuwa, layin masu fenti, wajen shago na huɗu."

"Kun ji ko! Me kike yi a…"

"Tsaya," in ji Gwaggo. "Na huɗu ba naka ba ne?"

"To ashe laɓewa take yi kusa da shagona! Ci gaba."

"Ɗaya da kwata. Bayan tasha, wurin mai gasa nama."

Allurar Maman Auta ta tsaya.

"Talata, ɗaya da kwata, wurin mai gasa nama. Laraba, ɗaya da kwata, wurin mai gasa nama. Laraba kuma, ƙarfe huɗu, gidan kallon ƙwallo."

"Laraba ƙarfe huɗu," in ji Maman Auta, kamar mai karanta wa yaro darasi, "wani ya ce mini yana sito."

"Alhamis, ƙarfe goma, tasha. Sai gada. Sai ofishinmu. Sai mai gasa nama."

"Asibitin fa?"

"Babu asibiti, Mama."

Mai Fenti ya kau da ido daga matarsa.

"Baba," in ji Auta, "a wace waya aka danna yarda?"

"A tawa. A madadinki."

"To ita burauza ba ta san madadi ba. Wayar da ta yarda ita take ba da labarin kanta. Sunan nan na sama rubutu ne kawai, ko giwa ka rubuta, giwa za ka ga tana zuwa bayan tasha. Ai aikina ke nan a ofis. Ɗige-ɗigen da ka gani a allona masu baburanmu ne, kowa da yatsansa ya danna a tasa wayar."

Gwaggo ce ta fara. Dariyar ta taso mata tun daga ciki, ta girgiza kujera, ta ture mata ɗankwali. "Wayyo cikina! Mako guda ƙanena yana farautar kansa! Har da babur! Ka kama shi kuwa?"

Maman Auta ba ta yi dariya ba. Ta cije zare ta tsinke shi. "Maigida, abincin da nake tashi da asuba ina zuba maka a kula, wa yake ci?"

Ya dubi silin. Ya dubi tabarma. "Injiniya."

"To," in ji Gwaggo tana share ido, "sharaɗi dai sharaɗi ne. An ce duk wanda aka gani a wani wuri daban, aikinsa ya ƙare. Yanzu wa za mu ba shagon?"

Mai Fenti ya jima yana juya hularsa a hannu. Da ya yi magana, muryar ba irin ta mai taro ba ce.

"Gadar nan ce," ya ce. "Bas biyu. In kin shiga na farko ba na ganin komai kuma. Sai in ga kamar ina cikin kasuwar nan ina kira, ba ki amsawa."

Gwaggo ta daina dariya. Ita ma tana cikin masu neman Auta ranar da ta ɓace a kasuwa.

Auta ta matso ta zauna kusa da ƙafarsa. "Baba, da ka tambaye ni ai da na yarda."

Ta ɗauko kwamfutarta ta ɗora a cinya. Abin da Injiniya ya ce a dawo a haɗa, kafin shayin Gwaggo ya huce ta haɗa shi. Ta buɗe shafin a wayarta, tambaya ta fito, ta nuna masa, ta danna da yatsanta. Ɗigo na biyu ya bayyana kusa da na farko, har suna gogar juna.

"Zan buɗe in na shiga bas da safe, in rufe in na isa. Da yamma ma haka. Tsakanin nan kuwa aiki nake yi, ba kira tara."

"Na yarda."

"Saura waya ɗaya," in ji Maman Auta, ta miƙo tata. "Ni ɗigo ɗaya kawai nake so a sa mini, na babanki. Kuma a kafa mini jan tsinke a kan asibiti."

Mataki na tara: Ka ayyana nasara

Kada ka bari kowa ya ce maka aikin bai yi ba. Me na yi maka alkawari tun farko? Cewa babu sirrin shiga da fita da zai rage a gidanka. Ya rage?

Watan gwaji ya cika, ba wanda ya sake tayar da maganar riƙe shago. Auta tana nan a kujerarta. Injiniya ya ɗan rame. Mai gasa nama yana aiko da gaisuwa, yana tambaya ko lafiya.

Shi kuwa Mai Fenti yanzu ya iya buɗa taswira da yatsa biyu, har ya ga shagonsa daga sama, ya ce rufin yana son fenti. Kullum biyar da rabi za ka same shi tsaye a ƙofar shago, waya a hannu. Ko mai sayen gwangwani goma ne ya zo, sai ya jira. Ɗigon yakan taso daga jan tsinke, ya tsaya a cunkoso, ya hau gada a hankali. Sai ya sauko wannan gefen sannan Mai Fenti yake sakin numfashi, ya juyo ya ce, "Fari ka ce ko shuɗi?"

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. Idan ɗigonka ya fallasa ka, tsakaninka da ɗigonka ne. Idan yayarka ta ba da labarin a gidaje bakwai, idan aka daina zuba maka abinci a kula aka koma kawowa shago ana tsayawa a kanka har ka cinye, babu ruwana, da yatsanka ka danna. Labarin nan kuma na aminina ne, kamar yadda na faɗa tun farko, kuma duk wanda ya ce ya ji warin fenti a jikin takardar nan hancinsa ne ke da matsala. Mai ƙorafi yana iya samuna a kasuwa, shago na huɗu, kowace rana ban da Alhamis ƙarfe goma. A lokacin ina layin awon jini, kuma ana kallona.